Jagora Ga Wanda Aka Ɗora Wa Ɗaukar Hoton Biki

Yana daga cikin al'amuran da zamani ya zo mana da su, cewa babu wani taron farin ciki da za a yi yau, ko ɗaurin aure ne, ko suna, ko saukar karatu, face an sami wani matashi a cikin dangi an ɗora masa nauyin ɗaukar hoto, sau da yawa ba don ya san sana'ar ba, sai don wayarsa ta fi ta kowa tsada. Sa'an nan idan taro ya watse, aka zauna don a ga abin da ya ɗauko, sai a tarar rigar ango tana walƙiya alhali fuskarsa ta dushe ba a shaida ta, muryar liman kuwa ƙarar janareta ta haɗiye ta ɗungum. A nan ne za ka ji ana kwantar masa da hankali, ana cewa ai za a gyara wajen tacewa. Wannan magana ita nake nufin yi wa raddi, domin ko da yake manhajojin tace hoto sun kai matuƙa a wannan zamani, hukuncinsu hukuncin tela ne, wanda yake iya rage yadi, ya daidaita shi, ya yi masa ado, amma ba shi da ikon ƙara ko taƙi ɗaya bisa abin da aka kawo masa daga kasuwa.

Asalin wannan sana'a gaba ɗayanta haske ne, kuma wanda ya tabbatar da haka da hujjar gwaji shi ne malamin nan Alhasan ɗan Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekara ta 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, wanda a cikin littafinsa Kitabul Manazir ya rushe ra'ayin magabatan da suka ce wai ido ne yake fitar da haske ya kai ga abin da ake kallo, ya bayyana cewa haske ne yake tasowa daga jikin abin ya shigo cikin ido. Ya kuwa jarraba haka da ɗaki mai duhu wanda yake da 'yar kafa, aka jera fitilu a waje, hasken kowace fitila ya ratsa kafar ya sauka a nasa wurin dabam. Kyamarar da ke bayan wayarka ɗakin nan ne aka ƙanƙanta shi. Saboda haka tambayar da ta wajaba a kanka kafin ka ɗaga waya ita ce: daga ina haske yake zuwa, a kan me kuma ya sauka?

To, ga mas'alar da ta fi kowace damun masu ɗaukar hoton bukukuwanmu. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi ne bisa zaton cewa duk abin da aka nuna masa, idan aka haɗa farinsa da baƙinsa, zai tashi toka-toka matsakaici, wato abin da yake mayar da kimanin kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Idan kuwa ango da abokansa suka jeru cikin fararen shaddodi da rana tsaka, sai kyamara ta ga fari ya cika mata ido, ta yi hukunci cewa haske ya yi yawa, ta rage shi. Da ta rage shi kuwa, fuskokin da da ma ba su kai rigunan mayar da haske ba sai su nutse cikin duhu, bare kuma ga hula ta jefa inuwa a goshi. Wayoyin yanzu suna ƙoƙarin neman fuska da kansu, amma hasken tsakar rana yakan rinjaye su. Maganin abin shi ne ka ɗora yatsa a kan fuskar wanda kake ɗauka a allon waya, ka danne har alamar kullewa ta bayyana, domin kada ma'aunin ya riƙa sauya ra'ayi duk lokacin da wani ya gifta. Sa'an nan ka ja 'yar alamar ranar nan sama kaɗan kaɗan har fuska ta fito. Amma ka sa ido a kan aikin da ke wuyan riga: muddin ka ga zaren ya ɓace, rigar ta zama farin fili kawai, to ka wuce haddi, sai ka dawo baya, domin wurin da fari ya ƙone a hoto ba ya gyaruwa ko kaɗan, alhali wurin da ya ɗan yi duhu ana iya ɗaga shi daga baya gwargwadon hali.

Sai dai mafi alheri daga wannan duka shi ne ka raba mutane da rana. Abin takaici, al'ada ta sa yawancin ɗaurin aure da ƙarfe goma sha ɗaya na safe ake yin sa, ko bayan an sauko daga Juma'a, kuma babu lokacin da ya fi wannan munin haske a yini, don rana tana tsaye a ka, tana cika kwarmin ido da inuwa, tana sa mutane ƙanƙance idanu. Sigar ɗaurin aure kam ba ka da iko da wurin da za a yi ta. Amma hoton dangi da na abokai a hannunka yake, sai ka ja su zuwa bakin zaure ko inuwar gini, ka tsayar da su daf da iyakar inuwar suna fuskantar fili, kai kuma ka ba fili baya. Ka guji gindin darbejiya idan rana tana ratsa ganye, domin za ta zuba musu ɗigo-ɗigon haske a fuska. Ka guji kuma rumfar haya mai ja ko shuɗi, don launinta yakan rine fata da tufafi baki ɗaya. Idan gefe ɗaya na fuskar amarya ya yi duhu, ka sa yaro ya riƙe farin kwali ko farin zane a wannan gefen, nesa kaɗan yadda ba zai shiga hoto ba, za ka ga hasken ya dawo ya cike wurin. Wanda yake ganin wannan dabara ta talauci ce, ya tuna da Seydou Keita na Bamako, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a 1948, yana ɗaukar mutane a tsakar gida da hasken rana, da zane mai ado a bayansu, galibi ɗauka ɗaya tak ga kowane hoto saboda tsadar kayan aiki, ga shi kuwa har yau manyan gidajen adana zane na Turai da Amurka suna rataya hotunansa.

Hasken da ya fi kowane kyau shi ne na bayan La'asar sakaliya, lokacin da rana ta karkata ta yi laushi, sai dai a ƙasarmu ba ya daɗewa, domin kusancinmu da tsakiyar duniya ya sa rana takan faɗi da sauri. Wanda ya tsaya jiran a gama kwalliya, sai ya ji kiran Magariba. Hazon hunturu kuwa yana da fuska biyu: yana tausasa rana har a iya ɗaukar fuska a fili, amma yana dusar da launi, yana kuma lulluɓe idon kyamara da ƙura. Ka hure ƙurar tukuna kafin ka shafa da ƙyalle mai laushi, kada ka goge da bakin riga, don ƙurar tana karce gilashi.

Akwai wani zance da ya kamata a faɗa game da launin fata. A da, shekaru da dama kamfanin Kodak ya yi yana rarraba wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya, da shi ake daidaita launi, wanda hakan ya sa baƙar fata ba ta samun haƙƙinta a hoto. Al'amarin ya sauya ƙwarai: kamfanin Transsion, mai wayoyin Tecno da Infinix da itel, ya yi suna a Afirka da daidaita kyamarorinsa domin baƙar fata, Google kuma ya fito da tsarin da ya kira Real Tone tare da wayar Pixel 6 a 2021. Amma kuma wayoyi da yawa suna zuwa da wani sashe na ƙawata fuska a kunne, wanda yake goge fata ya haskaka ta har amarya ta fito tamkar ba ita ba. Ra'ayina a kan wannan ba shi da sassauci: ka kashe shi. Hoton biki shaida ce da za a nuna wa 'ya'ya da jikoki, kuma bai dace jika ya kasa gane kakarsa ba.

Idan muka koma ga bidiyo, akwai sharuɗɗan da ake cikawa tun daren jajibiri. Na farko, ka yanke shawara ko a kwance za ka riƙe waya ko a tsaye, ka dawwama a kai. A kwance domin talabijin da YouTube, a tsaye domin TikTok da makamantansa, gauraya su kuwa wahala ce ga mai tacewa. Na biyu, ka duba adadin hotunan da waya take ɗauka a sakan ɗaya. Yawancin wayoyi a kan 30 suke zuwa, bisa tsarin Amurka inda wutar lantarki take juyawa sau 60 a sakan, alhali wutar Nijeriya da Nijar da Ghana sau 50 take juyawa. Wannan saɓani shi ne yake haddasa ƙyaftawa da ratsi-ratsin da ake gani suna yawo a bidiyon da aka ɗauka ƙarƙashin wasu fitilu a ɗakin taro. Ka mayar da shi 25 ko 50. Mai iPhone zai sami wannan idan ya kunna tsarin PAL a saitin kyamara. Akwai kuma manhajar Blackmagic Camera, wadda aka fitar kyauta a 2023, daga baya ta iso wasu wayoyin Android, tana ba mutum ikon saita wannan da hannunsa. Game da girman hoto kuwa, 1080 ya wadatar da bikin gida, domin minti ɗaya nasa a iPhone kimanin megabait 60 yake ci, na 4K kuwa kimanin 170, ga zafin da waya take ɗauka, ga cin caji. Ka share wuri a waya, ka cika ma'ajin caji, ka kuma sa wayar a yanayin jirgin sama, don kada kira ya shigo daidai lokacin da waliyyi yake cewa ya bayar.

Wajen ɗauka, ka manne gwiwar hannuwanka a jikinka, ka bar yawo da waya daga wannan fuska zuwa waccan, ka ba kowace ɗauka aƙalla sakan goma tana tsaye cik. Kada ka jawo hoto da yatsu biyu, domin galibi wannan yanke hoton kawai yake yi ya buɗa shi, ingancinsa ya ragu. Ka taka da ƙafarka ka matsa. A kowane wuri ka nemi ɗauka iri uku: ta nesa wadda za ta nuna wurin da jama'ar, da matsakaiciya wadda za ta nuna masu magana, da ta kusa. Ta kusan nan ita ce dukiyar mai tacewa, kuma ita aka fi mantawa: tiren goro da alewa, takalman da aka jera a ƙofar masallaci, tafukan da aka ɗaga ana shafa Fatiha, zanen lalle a bayan hannu, bakin sanƙira yana shela. Da waɗannan ake rufe duk wata ɓaraka daga baya.

Amma rukunin da idan ya ɓaci aikin duka ya ɓaci, shi ne sauti. Mutane suna iya haƙuri da hoto mai ɗan duhu, ba sa haƙuri da maganar da ba a ji. Ƙa'idar kuwa ita ce, duk lokacin da nisan da ke tsakanin baki da makirufo ya ninka, ƙarfin sautin yakan koma rubu'in yadda yake, alhali hayaniyar wurin tana nan yadda take; saboda haka wayar da ke tsaye taku goma daga liman ba za ta ɗauko siga ba, kome tsadarta. Sai ka nemi waya ta biyu, ko da tsohuwa ce, ka kunna mata ɗaukar murya, ka nemi izini ka ajiye ta a kan tabarma tsakanin liman da waliyyai. Ko kuwa ka sayi ɗan makirufon nan da ake maƙalawa a wuyan riga, wanda yanzu ya wadata a kasuwannin waya. Idan ka kunna duka biyun, ka tafa hannu sau ɗaya a inda kowaccensu za ta ji, domin wannan tafi zai fito a manhaja kamar tsini a layin sauti, da shi za ka haɗa murya da hoto ba tare da wahala ba. Kada ka tsaya kusa da lasifika a wurin walima ko kamu, don sautin da ya fi ƙarfin makirufo yakan fashe, kuma fasasshen sauti ɗan'uwan ƙonannen fari ne wajen rashin magani. Haƙiƙa an fito da manhajoji masu aiki da ƙirƙirarriyar basira waɗanda suke raba murya da hayaniya, suna kuwa taimakawa idan hayaniyar kaɗan ce. Amma idan aka matsa musu sukan tauna kalmomi, su mayar da muryar dattijo kamar daga cikin tulu take fitowa.

Sai tacewa. Kafin ka taɓa kome, ka kwafe dukan abin da ka ɗauko zuwa kwamfuta ko katin ajiya, sa'an nan ka zauna ka kalle shi daga farko har ƙarshe, kana rubuta lambar duk ɗaukar da ta yi kyau. Wanda ya tsallake wannan zama, zai biya bashinsa ninki biyu. Zaɓen manhaja bai kai yadda ake zuzuta shi ba: a waya CapCut ko KineMaster ko InShot duk suna biyan bukata, a kwamfuta kuwa DaVinci Resolve yana da nau'i na kyauta wanda ya fi ƙarfin bukatar mai bikin gida, sai dai yana son kwamfuta mai ƙarfi. Ka fara shimfiɗa sauti, wato siga da addu'a da duk jawabin da ya cancanta, shi ne ginshiƙi, sa'an nan ka jera hotuna a kansa. Inda ka yanke tari ko dogon shiru daga maganar wani, hoton zai yi tsalle. A nan sai ka ɗora ɗaukar goro ko ta hannuwa ta rufe wurin. Ka riƙa yankewa a tsakiyar motsi, kamar lokacin da mutum yake miƙa hannu ko yake zama, domin ido yana bin motsin, ba ya lura da yankan. Yana kuma da kyau sautin wuri na gaba ya riga hotonsa shigowa da sakan ɗaya ko biyu, a ji guɗa kafin a ga mata. Su kuwa juye-juyen nan da manhajoji suke cike da su, inda hoto yake birkicewa ko ya tarwatse kamar taurari, ka bar wa yara.

Idan ɗauka biyu suka yi maka takara, ɗaya ta fito tas amma ba kome a cikinta, ɗaya kuwa ta ɗan girgiza amma a cikinta ne uwar amarya ta share hawaye da gefen mayafi, to ta biyun za ka ɗauka. Walter Murch, mai tace finafinan Amurka wanda ya ci kyautar Oscar a wannan fanni, da ya jera abubuwa shida da ake dubawa kafin a yanke, motsin zuciya ya sa a gaba, ya ba shi kashi 51 cikin 100, sauran biyar suka raba abin da ya rage.

Gyaran launi shi ne na ƙarshe, kuma yana da tartibi: a fara da haske da duhu, sa'an nan a daidaita fari, sa'an nan ƙarfin launi. Farar rigar da ta wahalar da kai wajen ɗauka, a nan za ta yi maka rana, domin ita ce ma'auni: idan ta karkata zuwa rawaya ko shuɗi, ka ja ma'aunin ɗumi har ta koma fara, sauran launuka za su bi ta. Kiɗa kuwa, idan masu biki suna so, a sassauta shi ƙwarai ƙarƙashin magana, a ɗauke shi gaba ɗaya wurin karatun Alƙur'ani da addu'a, wannan ladabi ne da bai kamata sai an tuna wa mutum ba. Ka kuma sani YouTube da Facebook suna da na'urar gane waƙoƙin da suke da masu haƙƙi, suna iya kashe sautin bidiyonka ko su toshe shi. Ka fitar da aiki biyu: gajere na minti uku zuwa biyar domin rabawa, da cikakkiyar siga ba yanka domin ajiyar iyali. Ka fitar a kan adadin da ka ɗauka, in 25 ne 25, a tsarin MP4. Wajen aikawa ta WhatsApp, ka sani yana matse bidiyo ya rage masa kyau, ko da maɓallin HD da aka ƙara a 2023. In kana son ya isa yadda yake, ka tura shi a matsayin takarda, wanda yake karɓa har gigabait 2.

Wanda aka bari ya shiga cikin gida da kyamara ranar kamu ko yinin biki, amana aka ba shi, domin akwai matan da suka saki jiki a tsakanin 'yan'uwansu, ba su yi shirin duniya ta gan su ba. Kada ka sa kome a intanet sai masu biki sun gani sun yarda, wadda kuma ta ce a cire ta, a cire ta ba tare da jayayya ba.

Abin da ya rage shi ne ajiya, kuma ƙa'idar ma'abota wannan sana'a ita ce kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gida dabam, domin waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, katin ajiya kuma yakan mutu ba sallama. Ka miƙa wa iyalin ango da na amarya kowa nasa kwafin, har da ɗanyen abin da ba a tace ba. Kada kuwa ka share kome daga wayarka sai ka buɗe kwafin nan ɗaya bayan ɗaya, ka kunna sigar ɗaurin auren daga farko har ƙarshe, ka ji ta da kunnenka.